Mai Gadin da Muka Sallama da Hannunmu

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, bayan shekara goma yana kula da ita. Labarin ya zo ya wuce mu ba tare da ya tayar wa kowa hankali ba. Kwamfutoci ba su mutu a ranar ba. Sun ci gaba da kunnuwa, ana buga takardu, yara na buga ƙwallonsu, sai kowa ya ɗauka ai babu abin da ya faru. To, 'yan uwa, wani abu ya faru, kuma ya kamata mu zauna mu yi magana a kansa cikin natsuwa, domin dalilin da ya sa labarin bai dame mu ba shi ne ainihin abin damuwar. Yawancinmu mun daɗe da kashe sabuntawa a kwamfutocinmu, tun kafin kamfanin ya daina aiko ta.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki sabuntawar nan a matsayin kwalliya, sauya launin allo da matsar da maɓallai daga nan zuwa can. Ba haka ba ne. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta rubutu ne na mutane, layi miliyoyi, kuma duk abin da ɗan Adam ya rubuta da wannan yawa ba ya rasa kuskure. Wasu kurakuran ba sa cutar da kowa. Wasu kuwa kafa ce da mai kutse zai bi ya shigo ba tare da mai kwamfutar ya taɓa komai ba. Shi ya sa Microsoft ya ware Talata ta biyu a kowane wata yana fitar da gyare-gyaren da ke toshe waɗannan kafofi. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, ranar da aka fitar da gyara ita ce ranar da aka shelanta wa duniya inda kafar take. Masu kutse su ma suna sauke gyaran, su warware shi su ga abin da aka toshe, sannan su bazama neman waɗanda ba su toshe nasu ba. Saboda haka kwamfutar da ta ƙi karɓar gyara ta fi shiga haɗari bayan fitowarsa fiye da kafin ya fito.

Wanda ke son ganin inda irin wannan sakaci ke kai mutane, ya tuna shekarar 2017. Ranar 14 ga Maris Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa a sashen da kwamfutoci ke musayar fayil a tsakaninsu. Wata biyu bayan haka, ranar Juma'a 12 ga Mayu, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafar ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Tana shiga sai ta kulle duk fayilolin da ke ciki, ta nemi kuɗin fansa dala 300. A Ingila abin ya faɗa kan asibitocin gwamnati. Ma'aikata suka koma biro da takarda, aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, kuma daga baya gwamnati ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Wani matashi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, shi Allah ya ba sa'ar gano hanyar dakatar da yaɗuwarta. Maganin yana nan kyauta tun wata biyu kafin annobar. Waɗanda ta kwantar su ne waɗanda suka ce sai gobe.

Na san uzurorinmu, kuma ba zan ce ƙarya ba ne. Data tana da tsada, ta kuma ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Mutum ya sayi data don ya tura aiki ɗaya, ya waiwayo ya tarar kwamfuta ta shanye ta da abin da bai sa ta ba. Ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari, kuma duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta kwamfutarsa na tsakiyar sabuntawa ya san faɗuwar gaban da ke cikin hakan. Gaskiya ne kuma cewa ita kanta sabuntawar takan zo da matsala. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Duk an yarda. Amma waɗannan matsaloli ne masu magani. Windows na da inda za ka gaya mata datarka ƙididdigaggiya ce don ta rage shan ta, tana da inda za ka zaɓa mata lokacin da za ta yi aikinta, kuma yawancin kamfanonin layi suna da datar dare mai rahusa. Mutumin da ke ƙarar da giga uku a kallon bidiyo cikin mako ba zai rasa ɗaya a wata ba don kare abin da yake cin abinci da shi.

Akwai wani dalilin da ba ma faɗa a fili, kuma a ganina shi ne babba. Kayan da ke cikin kwamfutocinmu ba namu ba ne.

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a kasuwannin waya da kwamfuta na garuruwanmu ya san yadda ake yi. Ga mai gyara a rumfarsa, filash uku ko huɗu a rataye a wuyansa, ga wani babban faifan ajiya da aka naɗe da salatif saboda tsufa. Yana gama fomatin sai ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, a zuba maka komai da komai?" Ka ce a zuba. Cikin awa ɗaya an loda maka Windows da Office da manhajar zane da gem biyar na yara, kayan da in da saya za ka yi sun ninka kuɗin kwamfutar, kai kuwa ladan aiki kawai ka biya. Sai kuma ya bi ka da gargaɗi yayin da kake saka ta a jaka: "Amma fa kada ka bari ta yi ofdatin, za ta gane ba orijina ba ce ta kulle maka." Ka yi godiya ka tafi, kana ganin an yi maka alheri. Shi ma mai gyaran har ga zuciyarsa alheri yake ganin ya yi, domin haka ya tarar ubangidansa na yi.

Wannan tsoro yana da asali. A zamanin Windows 7, wajen shekarar 2010, Microsoft ya aiko da wani gyara da ke bincikar ko manhajar ta halal ce, in ba ita ba ce sai allon ya koma baƙi da rubutu a gefe yana tona asiri. Tun daga nan masu gyara suka haddace cewa sabuntawa abokiyar gaba ce, suka koya wa yaransu, yaran suka koya wa nasu. Abin takaicin shi ne, kamfanin bai hana ko kwamfutar da ba ta da lasisi karɓar gyaran tsaro ba, saboda ya san kwamfuta ɗaya mai cuta tana shafa wa dubu. Wani abin takaicin da ya fi wannan: tun daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta suna dasa lasisin a cikin jikin na'urar. Da yawa daga kwamfutocin hannu da ake kawo mana daga Turai da Amurka suna zuwa da lasisinsu na halal, an riga an biya. Sai mu sa a goge, a ɗora na sata a kai, sannan mu kashe sabuntawa don kada a kama mu da satar abin da dama namu ne.

Sai batun gem, inda nake son iyaye su ba ni aron kunnuwansu. Duk fasasshen gem da yaro zai sauke daga intanet ko ya karɓo a filash ɗin abokinsa yana zuwa da 'yar takardar umarni, kuma layin farko kusan kullum ɗaya ne: ka kashe manhajar kariya kafin ka ɗora. Yaron zai kashe, domin in bai kashe ba kwamfutar za ta yi ta ƙorafi tana goge fayil ɗin. Mu tsaya mu dubi abin da aka yi a nan. Baƙon da ba ka sani ba ya zo da kaya kyauta, sharaɗinsa kawai ka sallami mai gadin gidanka kafin ya shigo, kai kuma ka sallame shi. Babu mai hankalin da zai yarda da wannan a ƙofar gidansa, amma kullum muna yarda da shi a kwamfutar da ke ɗauke da sirrinmu.

Ba zato nake faɗa ba. A watan Yunin 2021 kamfanin tsaro na Avast ya bayyana wata muguwar manhaja da ya kira Crackonosh, wadda aka ɓoye a cikin fasassun kwafin wasannin da yaranmu suka fi so, irin su Grand Theft Auto V da Pro Evolution Soccer 2018 da NBA 2K19 da Far Cry 5. Tana shiga sai ta kashe manhajar kariya, ta kashe sabuntawar Windows, sannan ta sa kwamfutar aikin haƙar kuɗin intanet na Monero dare da rana. Kwamfutoci sama da 220,000 ta kama, kuma masu ita sun samu abin da ya kai dala miliyan biyu. Mai kwamfutar ba ya ganin komai sai alamu: fanka na ta gurnani ko ba a aikin komai, gindin kwamfutar ya yi zafi har ba ya ɗoruwa a cinya, batirin da ke kai awa uku ya koma minti arba'in. Sai mu ce ai tsufa ne, mu sake kai ta wurin wanda ya zuba mata cutar. Man janaretonka da kuɗin wutarka ne ke tafiya aljihun wani da ba ka taɓa gani ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai dangin manhajar kuɗin fansa da ake kira STOP ko Djvu, wadda babbar hanyar yaɗuwarta ita ce fasassun manhajoji da 'yan kayan da ake fasa lasisi da su. Ita ba manyan kamfanoni take nema ba, talakawa irinmu take kamawa. Takan kulle hotuna da takardu, a shekarun baya ta riƙa neman dala 980, ta ce in ka biya cikin kwana uku za ta rage maka rabi. Ɗalibin da ya shekara yana rubuta kundin kammala karatunsa ba shi da dala 490, kuma ko ya biya babu wanda ya lamunce masa za a buɗe. Wasu kuma ba sa kulle komai, lambobin sirrin da aka adana a burauza kawai suke kwashewa su yi gaba. A waya ma labarin bai canza ba. Jabun WhatsApp ɗin nan da muke ɗorawa don mu karanta saƙon da aka goge, a 2021 kamfanin Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin ɗayansu mai suna FMWhatsApp.

Da a ce cutar a kan mai kwamfutar kaɗai take tsayawa, da sai mu ce kowa ya ji da kansa. Amma mu dubi shagunan buga takardu da kafe-kafen da ke kowace unguwa. A cikin kwamfuta ɗaya akwai hoton katin ɗan ƙasa na mutum ɗari, da lambobin BVN, da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, da takardun filaye, da wasiƙun neman aiki masu ɗauke da adireshi da lambar waya. Da rana ana cike wa mutane fom da ita, da yamma yaron shago ya ɗora fasasshen gem ya huta. Mutanen nan da suka miƙo takardunsu amana suka ba mu, ko da ba su furta kalmar ba. In wani ya wayi gari an yashe asusunsa, ko an karɓi bashi da sunansa, ba zai taɓa sanin ta shagonmu aka bi ba, mu ma ba za mu sani ba. Rashin sanin ba ya sauke nauyin. Haka abin yake ga malamin da ke riƙe da sakamakon ɗalibai, da akawun da ke riƙe da lissafin masu ajiya, da ma'aikacin asibitin da ke tafiya gida da bayanan marasa lafiya a jakarsa.

To, ko da babu cuta ko ɗaya a cikin kayan, akwai tambayar da muke kauce wa: na wane ne? Mun saba cewa ai kamfanonin nan attajirai ne, ba za su ji ba. Wataƙila Microsoft ba zai ji ba. Amma hannun da ya saba ɗauka ba ya tambayar mai kaya ko attajiri ne. A 2013 wasu 'yan uwa biyu, Patrick da Daniel Klug, suka fitar da ɗan wasansu mai suna Game Dev Tycoon a kan kusan dala takwas. A ranar farko sama da kashi 93 cikin ɗari na masu buga shi kwafin sata suke bugawa. Mutum biyu ne da guminsu, babu wani attajiri a bayansu.

Kuma mu ba sai an kai mu wata ƙasa ba kafin mu ga abin da satar fasaha ke yi. A gabanmu kasuwar fina-finan Hausa ta tashi, ta ciyar da dubban gidaje a Kano da Kaduna da Jos, daga marubuci zuwa mai ɗaukar hoto zuwa mai sayar da kaset. A gabanmu kuma ta durƙushe. Fim ya fito da safe, kafin yamma an buga jabunsa, daga baya ma aka daina wahalar faifai, sai dai a tura maka goma a waya kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Furodusan da ya sayar da fili ya yi fim ya koma gida hannu rabbana. Waɗanda suka rage suka koma YouTube da tashoshin talabijin suna neman abin da za su rufa wa kansu asiri. Mun yi ta kukan cewa fina-finan sun lalace, ba mu tambayi kanmu wa ya hana su kuɗin da za su gyaru ba. Marubutan littattafanmu ma haka muke yi musu, littafi ya fito yau, gobe yana yawo a zaurukan WhatsApp. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta shafi irin wannan yaɗawa ta intanet. Tun kafin ita, a 1988, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Ba sabon zance ba ne. Mu ne muka ga dama muka ɗauke kai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran. Muna hana su ɗaukar naira hamsin a aljihun rigarmu, kuma daidai ne. Sannan su zauna kusa da mu su ji muna alfahari cewa manhajar da ake sayarwa dubu ɗari mun same ta a banza. Yaro ba ya rarrabe wa'azi da aiki, aikin yake ɗauka. Abin da ya koya shi ne, haramcin abu yana ƙarewa ne daga inda aka daina ganin mai shi. Wannan karatun ba ya tsayawa a kan gem. Shi ne ke bin sa ɗakin jarrabawa, ya bi shi ofis ranar da aka ba shi ajiyar kuɗin da masu shi ba sa kallo.

Ban ce kamfanonin ba su da nasu laifin ba. Sabon babban gem yanzu dala 60 zuwa 70 ne, kuɗin da ya haura mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wanda ya sa wannan farashi bai yi tunanin ɗan Gusau ko ɗan Maraɗi ba. Haka kuma Windows 11, da ta fito a watan Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗan da suka bar miliyoyin kwamfutoci masu lafiya a baya, domin tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma na'urar da ba ta girmi wajen 2018 ba. Waɗannan da aka yasar a Turai da Amurka, mu za a kawo wa su a kwantena, da araha mai jan hankali, kuma wanda bai sani ba zai saya yana murna. A ganina wannan rashin adalci ne ga matalauta, kuma ya cancanci a faɗa. Amma tsadar kaya ba ta taɓa halatta ɗaukarsa ba, musamman abin da ba ci ba ne ba sha ba, kuma akwai madadinsa.

Madadin kuwa yana da yawa, rashin tambaya ne ya ɓoye mana shi. Mai Windows 10 ya fara duba ko kwamfutarsa za ta ɗauki Windows 11, domin in tana da lasisi hawan kyauta ne. In ba za ta ɗauka ba, Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30 ko kuma kyauta ga wanda ya cika wasu sharuɗɗa ta asusunsa na kamfanin. Wannan jinkiri ne kawai, ba mafita ba. Mafita ga tsohuwar kwamfuta ita ce Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda masu ita suka bayar kyauta da zuciya ɗaya. Ubuntu da Linux Mint suna tafiya lafiya a kan kwamfutar da ta shekara goma, suna karɓar gyara a kai a kai, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel. Akwai ɗan koyo na mako ɗaya ko biyu, akwai kuma manhajojin da ba za su hau ba, amma ga mai rubutu da lissafi da shiga intanet ta wadatar. Masu riƙe da Windows 7 har yanzu, wadda aka daina kula da ita tun Janairun 2020, su sani ko Chrome ya daina sabunta kansa a kanta tun 2023, kuma bai kamata a shiga asusun banki da ita ba.

Yara kuma ba a ce su daina wasa ba. Ƙwallon eFootball ta kamfanin Konami kyauta ce tun 2021. Shagon Epic Games yana raba wasa kyauta kowane mako, har shi Grand Theft Auto V ɗin da ake sata ya taɓa bayarwa a watan Mayun 2020, ko da yake wannan ba wasan ƙananan yara ba ne, kuma ya kamata uba ya san abin da ke cikinsa kafin ya bari. Steam na yin rangwame sau da yawa a shekara inda wasan da ya kwana biyu ke faɗowa ƙasa sosai. Yaron da ya tara kuɗinsa ya sayi wasa ɗaya ya fi sanin darajarsa a kan wanda aka zuba wa hamsin. In kuma gida ko shago na da hali, a raba kwamfutar aiki da ta wasa, a kuma riƙa kwafe muhimman takardu a wani faifai da ake cirewa a ajiye a aljihun tebur, domin abin da ba ya jone ba ya kulluwa.

Ku kuma 'ya'yana masu gyara, maganata ta fi yawa a kanku, saboda ku ne malaman jama'a a wannan fage ko kun sani ko ba ku sani ba. Dattijon da ya kawo muku kwamfuta bai san komai a kanta ba sai abin da kuka gaya masa. Kafin ku goge, ku duba ko tana da lasisinta a jiki. Ku sauke Windows daga shafin kamfanin, ba daga faifan da ya zaga rumfa ashirin ba. Ku koyi ɗora Linux, domin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi suna nan tafe da yawa, kuma wanda ya iya raya su zai samu ciniki. In mai kaya ya nace sai an zuba masa fasasshe, ku gaya masa abin da ke iya biyo baya, ku tambaye shi ko akwai takardun mutane a ciki. Sannan ku bar masa sabuntawa a kunne, ku nuna masa inda zai danna ya hana ta shanye datarsa sai lokacin da ya shirya.